Ciwon Lauya Ba Olsa Ba Ne

Litinin, 6 ga Oktoba

Yau Maman yara ta kayar da ni. Ta riƙo hannun Lauya ta tsaya a ƙofar kemis ɗina, ta ce ko in rufe shago in bi su asibiti, ko su tafi su kaɗai. A gaban masu saye kuwa! Shekara goma sha tara ina sayar da magani a layin nan, yaro da babba Dakta suke ce min, amma a gidana wai ban san ciwon cikin ƴata ba. Na rufe na bi su, ba don na yarda ba, don kar a ce.

Olsa ce. Wata takwas ke nan ina faɗa. Yarinya ƴar shekara goma sha biyar, ba ta son karyawa kafin makaranta, ga gardamar tsiya (shi ya sa ma muke ce mata Lauya, tun tana ƙarama ba a kayar da ita a magana), in ba olsa ba me zai kama ta? Na ba ta na ruwa, na ba ta na ƙwaya, na sa mata dokar madara kofi biyu a rana da soyayyen ƙwai da safe, don kar cikin ya zauna wayam.

Ita kanta likitar yarinya ce ƙarama, ina jin lokacin da na buɗe shago tana firamare. Na gyara murya na fara mata bayani, sai ta ce, "Baba, bari ita ta faɗa." Ta ce wa Lauya ta nuna wurin da yatsa. Ni na san tsakiya za ta nuna, ƙasan ƙirji. Sai ta kai hannu dama, ƙarƙashin haƙarƙari, ta ce yana zagayawa har bayan kafaɗa. Likita ta danna wurin ta ce ta ja numfashi. Yarinya ta ƙame, numfashin ya tsaya rabi.

Ban taɓa danna wurin ba. In gaskiya za a bi, ban taɓa danna ko'ina ba.

An ɗebi jini, an karɓi bayan gida. Hoton ciki sai Alhamis.

Talata, 7 ga Oktoba

Wuni guda a shago. Mutum nawa suka zo da ciwon ciki, na ba su magani suka yi godiya suka tafi. Babu wanda ya ce min in bari wani ya faɗa.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na tafka ta yau. Bari in rubuta yadda ta faru, tunda littafin nan ba ya harara.

Nas ta faɗa tun ranar Litinin cewa kar Lauya ta ci komai kafin hoton. Na ji da kunnena. Amma a raina na ce wannan dokar ta masu lafiyayyen ciki ce, mai olsa ba a barinsa da yunwa. Da safe Mamanta tana wanka, na dama madara mai kauri, na shafa wa burodi bota, na kai mata ɗaki. Ta ce, "Baba, an ce fa kar in ci." Na ce ni da su wa ya haife ki? Ta dube ni. Lauya guda, ta karɓa ta shanye.

Mai ɗaukar hoto ya shafa mata wannan abin mai sanyi a ciki, ya yi ta yawo da na'urarsa, ya juya ta hagu, ya dawo da ita, can ya ce, "Ta ci wani abu ne?" Maman yara ta ce ko ruwa ba ta sha ba. Lauya ta kalli rufin ɗaki. Ni na ce madara ce kawai, ɗan kofi.

Bawan Allah bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce abin da likita take son gani matsarmama ce, ƴar jakar nan da ke maƙale a ƙasan hanta mai tara ruwan ɗaci. Da maiƙo ya shiga ciki sai ta matse ta zubar da ruwan, to yanzu ta lafe, ba ya ganin abin da ke cikinta. Mu dawo Litinin, ciki babu komai.

Ba mu kai gida ba ciwon ya taso. Na tsayar da mota a gefen titi, ta durƙusa ta yi ta amai, gumi sharkaf, hannunta dafe da gefen dama. Kusan awa biyu kafin ya lafa. Maman yara ba ta ce min komai ba har yanzu. Wallahi gara ta zage ni.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Ta yi maganar. Ina ma ba ta yi ba.

Na ce mata ai yarinyar ta samu sauƙi watannin nan, jiya ne kawai aka yi rashin sa'a. Ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta ta ce, "Wane sauƙi, Malam? Kai ne dai aka daina gaya wa." Ashe tun wata uku da suka wuce, duk sati sai ya taso mata sau ɗaya ko biyu. Ta shige ɗaki ta rufe, ta ciji filo. Ta roƙi uwarta kar a faɗa min, wai duk sanda ta faɗa sai in ƙaro magani da madara, kuma wai, "Baba zai ji kunya maganinsa bai yi ba."

Ni kuwa ina can shago ina bugun ƙirji, ina ce wa mutane irin wanda na ba ƴata ne, ga ta nan garau.

Ciwon na jiki likita za ta ji da shi, in Allah ya yarda. Wannan fa? Ƴata tana murƙususu a ɗakin da ke jikin nawa, tana toshe baki don kar in ji. Raina ya ɓaci, kuma ban san da wa zan yi fushin ba.

Litinin, 13 ga Oktoba

Alhamdulillahi. Alhamdulillahi!

An yi hoton, wannan karon ko ƙofar kicin ban kalla ba. Mai hoto ya juyo mana da allon ya nuna, ga jakar ta cika taf, ga wasu ƴan ƙanana farare a kwance a ƙasanta. Ya sa ta juya, suka gangara. Tsakuwa ce.

Likita ta haɗa da sakamakon gwaji ta karanta mana. Babu ƙwayar cutar da ke kawo olsa. Hanta lafiya. Jininta ba na sikila ba ne, wanda ta ce shi ya fi kawo wa yara wannan matsalar. Tsakuwar ce take toshe bakin jakar duk sanda aka ci maiƙo, jaka ta matsa, hanya a rufe, sai ciwo. Kuma ana maganinsa.

Sai da ta ce ana maganinsa na samu wuri na zauna. Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: yayana ma da ciwon ciki ya fara, aka yi hoto, aka ce daji ne, bai shekara ba. Tun ranar da Lauya ta fara riƙe ciki nake tsoron hoton nan. Olsa ina da maganinta a kan kantar shagona, shi ya sa na ce olsa ce, na kuma toshe kunne.

Likita ta tambaya ko akwai mai irinsa a dangi. Maman yara ta ce an yi wa mahaifiyarta aiki a kansa. Na ce, "Af, ashe daga ɓangarenku ne." Irin kallon da aka yi min, sai na shiga duba takalmina.

A mota Lauya ta ce, "Wato wata takwas ana shayar da tsakuwa madara, shi ya sa suka yi ƙiba." Uwarta ta yi dariya har da hawaye. Ni ma na yi.

Laraba, 15 ga Oktoba

Ba madara, ba soye-soye. Kwana biyu ba ciwo. A bakin uwarta na ji.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Mun ga likitan tiyata, wani dattijo mai sanyin magana. Ya ce tunda ciwon yana ta dawowa, cire jakar gaba ɗaya ya fi, kafin wata tsakuwar ta sulale ta toshe babbar hanya. Na tambaye shi ko babu ƙwayar da za ta narkar da su. Ya ce akwai, amma tana ɗaukar dogon lokaci, ba kowa take yi wa ba, kuma sukan dawo. Na buɗe baki zan ƙara, na tuna madara, na rufe.

Lauya kuwa ta fito da takarda daga jakar makaranta, tambayoyi har tara. In an cire, ina ruwan ɗacin zai je? Ya ce hanta za ta ci gaba da yi, yana gangarawa hanji kai tsaye. Za ta iya cin soyayyen dankali? Ya ce bayan ƴan makonni, da hankali. Tabo fa? Ƴan ƙofofi huɗu ƙanana, ba yanka ba. Dattijon ya ce yarinyar nan lauya za ta zama, muka ce ai an riga shi.

Da aka miƙo min takardar sa hannu, sai da na karanta ta sau uku kafin na sa. Ni da nake yi wa ƴaƴan mutane allura ina ce musu kamar cizon sauro ne. Lallai wanzami ba ya son jarfa.

Talata, 21 ga Oktoba

An yi, an gama, lafiya lau. Allah na gode maka.

Ƙarfe tara na safe suka tura ta ciki, ta ɗaga mana hannu kamar mai tafiya biki. Na zauna, na tashi, na je bakin famfo, na dawo, na ƙirga tayil ɗin barandar har na rikice. Maman yara tana zaune da carbinta ta ce, "Malam, ka zauna, kana sa min jiri." Sha ɗaya saura dattijon ya fito yana murmushi, da ƴar kwalba a hannu. Tsakuwa goma sha ɗaya, ruwan ƙasa, babbar ba ta fi ƙwayar wake ba. Ya ce jakar ta yi kauri, ta daɗe tana shan wuya. Bai kalle ni ba da ya faɗa, ni ne dai na ji kamar ya kalla.

Da ta farfaɗo ni ne a kusa da kanta. Ta buɗe ido ta gan ni, ta ce, "Ina Mama?" Na matsa na ba uwarta wuri.

Laraba, 22 ga Oktoba

Har ta taka zuwa ƙarshen baranda, a duƙe kamar tsohuwa, tana riƙe da ciki tana hana mu ba ta dariya.

Na fita sayo ruwa, da na dawo na jiyo ta daga ƙofa tana ce wa uwarta kafaɗarta na ciwo. Ina shiga na ce ya jikin, ta ce, "Lafiya lau, Baba." Nas ta ce iskar da aka hura mata a ciki lokacin aiki ce, zai wuce. Ciwon bai dame ni ba kamar "lafiya lau" ɗin.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Mun dawo gida. Magungunan sallama duk ina da su a shago, ɗaya ma ina da wanda ya fi shi kyau. Na karanta takardar, na mayar cikin leda, na miƙa wa uwarta.

Da la'asar na same ta a tsakar gida ita kaɗai. Tun asibiti nake shirya magana, tsaf da ita. Na zauna na ce, "Lauya, ni fa..." sai maganar ta tsaya nan. Ta jira, ta jira, sannan ta ce, "Baba, ai ba ka sani ba ne." Na ce rashin sanin ba laifi ba ne, ƙin tambayar ne laifi, kuma ki yafe min. Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zane, ta ce ba komai. Na tashi da sauri na ce ana jira na a shago. Babu mai jira na.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Ta koma makaranta. An duba wurin aikin, ya kame. Ta ci shinkafa faranti guda ta nemi ƙari, ta kuma yi gardama da ƙaninta a kan rimot har sai da na tsawatar. Gida ya dawo gida. Ban san na yi kewar surutun nan ba.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Yau da azahar ina ba wata mata maganin tari sai ga Lauya da kayan makaranta. Ta zauna a benci har matar ta fita. Sannan ta ce, "Baba, wajen cibiyar nan yana ɗan ja na tun jiya, kuma da ƙaiƙayi."

Hannuna har ya kama hanyar kantar magani, na san man da zan ɗauko. Sai na sa hannun a aljihu. Na zauna kusa da ita na ce tun yaushe, da zafi, yana ruwa? Ta faɗa, na bari ta gama tas. Na ce ni dai ban sani ba, bari mu tambaya. Na kira likitar, ta yi mata ƴan tambayoyi, ta ce warkewa ce, in ya yi ja ko ya kumbura a kawo ta. Shi ke nan.

Lauya ta ce, "Baba, kai ne ka ce ba ka sani ba? Bari in rubuta kwanan wata." Na ce tashi ki ba ni wuri, marar kunya. Tana ɗaukar jaka na tambaye ta me Mamanta ta ce a kai. Ta ce, "Ban gaya mata ba tukuna, ta nan na fara biyowa."

Ba wani abu ba ne. Shagon ne a kan hanyarta. Ko da yake ta layin baya ya fi mata kusa da gida.