Wa Ke Jiƙa Bandirin Ɗana?

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Admin a taimaka a ɓoye sunana, 'yan unguwarmu sun yi yawa a nan. Don Allah shawararku nake nema, zargi ya shiga raina har na fara yi wa maigidana kallon da bai dace ba.

Ni 'yar Madabo ce, a Yakasai nake aure. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ke buga bandiri a zawiyar unguwarmu idan ana zikiri. Mu mata ne duka ya bari, da ya rasu sai amininsa Malam Tasi'u ya kawo min bandirin, ya ce na Halifa ne, wato ɗana da ya ci sunan marigayin, shi Malam zai riƙa koya masa duk Alhamis, ni kuma in sa shi yana maimaitawa a gida.

Da farko ba na ma cewa komai, yaro na dawowa daga makaranta zai yar da jaka ya ɗauka, sai na ƙwace yake cin abinci. Wanda ya san bandiri ya san fatarsa ba ta shiri da laima, sai ta sha rana ko an ɗan gasa ta a bakin wuta take yin amo. Ni na tashi ina yi wa mahaifina wannan aikin, don haka kullum da hantsi nake shanya shi, in rataye a ƙusa a ɗakina. To tun bayan ƙaramar salla, Halifa zai buga ka ji kamar ana dukan jiƙaƙƙen kwali, ya yi ya yi ya ture, wai shi bai iya ba. Na yi lallashi, na yi alkawarin awara da tsire, na zauna ina yi masa amshi da wannan muryar tawa ta gwangwani, na dawo na yi faɗa, duk a banza.

Ran nan na shafa fatar na ji ta da sanyi, gefen katakon da danshi. Ba damina ake ba, ɗakina kuma ba ya yoyo. Na sake shanyawa, washegari haka na tarar.

Ga abin da ya kai zargina kan Baban Halifa. A zawiya ya taso, ya san halin fata sarai, amma tun da ya canja masallaci ya koma na abokansa na kasuwa ya daina zuwa zikiri. Bai taɓa cewa a daina ba, da na nemi izininsa cewa ya yi, "Kayan kakansa ne, ni me zan ce?" Amma daidai lokacin maimaitawa yake miƙa wa yaro wayarsa ya yi gem, mutumin da a da ko taɓa ta aka yi sai an sha ranƙwashi. Kuma ya tsiri shiga ɗakina neman hula yana idar da alwala, hannu na ɗiga. Na yi masa maganar a hankali, ya hau sama, wai na mayar da shi ƙaramin yaro, in kawo Alƙur'ani ya dafa. Na tsorata na ce a bar zancen, tun ranar sai gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Ana cikin haka Malam Tasi'u ya aiko, wai idan yaron ba shi da ra'ayi a mayar da bandirin zawiya, kayan zikiri ba na ratayewa ba ne, akwai yaran da ke jira. Wallahi ya yi min ciwo, shi kaɗai ne abin mahaifina da ya rage a hannuna.

Sai maigidan ya tafi Legas saro kaya. Na ce yanzu zan gane gaskiya. Na shanya, na rataye, da la'asar na shafa, a jiƙe. Gidan kuma daga ni sai Halifa sai ƙanwarsa da ke goye. Na kira Halifa na zaunar na tambaye shi, ban ɗaga murya ba.

Ya ce, "Umma, in na iya, Baba zai ji kunya a masallacinsu. In na ce ba na so, ke za ki yi kuka. Shi ne nake shafa wa bandirin ruwa, a ce shi ne ya lalace."

Na ce wa ya faɗa maka Baba zai ji kunya? Ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin rigarsa.

Tausayinsa ya kama ni, amma zargin bai tafi ba, salo kawai ya canja. Yaro ne ya karanci fuskar ubansa da kansa, ko zaunar da shi aka yi a bayan idona? 'Yan uwa, in mayar wa Malam bandirin in sauke wa ɗana wannan nauyin, ko in riƙe in ci gaba da sa shi? Gobe maigidan zai dawo. Idan ya shigo, haƙuri zan ba shi ko tambayarsa zan yi?