Baƙin da Suka Ƙi Shan Shayi

Iskandariyya, ranar Laraba

Ummata,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar Baba? Su Hamdi sun gama yankan rake? Ni lafiyata ƙalau, sai dai gidan Kawu Rif'at ya yi shiru kwanan nan.

Malaman tattalin arziki na jami'ar da Kawu ke koyarwa, su arba'in, sun fito a jarida suna goyon bayan tsarin wani ɗan takarar shugaban ƙasa. Kawu kaɗai ya ƙi sa hannu. Ya ce tsarin zai ninka kuɗin burodi, shi kuwa burodin gwamnati ya ci ya girma.

Shekaranjiya da la'asar wasu mutum biyu suka biyo shi da takardar goyon bayan har falo. Na kawo shayi. Babbansu ya ce, "Dakta, kai kaɗai ake jira. Ko tawada ce ta ƙare?"

Kawu ya yi dariya. "Hannun ne ke ciwo, ranka ya daɗe. Bismillah, ga shayi."

Umma, ko kofin ba su taɓa ba. Na tuna maganar Baba, cewa baƙon da ya ƙi shayinka ba alheri ya kawo shi ba. Da za su fita, babban ya tambayi sunana da na makarantarmu. Na ji nauyin yin shiru, na faɗa.

Kada ki damu, jarrabawa saura wata biyu, ina karatu sosai. Amma jiya Kawu ya ba ni tikitin jirgin ƙasa na komawa gida, ya ce in ɓoye cikin littafin lissafi, kada matarsa ta sani.

Ki sa mu a addu'a. Ki kuma shanya katifata, ko da za a buƙata.

'Yarki,
Nawal