Jar Jitar Baba

Sabon Birni,
12 ga Nuwamba, 1984

Zuwa ga Yaya Maliki,

Gaisuwa mai yawa, da hwatan kana lahiya kai da iyali da ɗiyan makarantarku. Ya garin Isa, ya haƙuri da hwarin ga? Allah shi kawo muna sauƙi.

Bayan haka, Yaya, zamna kahin ka ci gaba da karatu. Baba ya sai jita.

Jita hwa, ja wur, mai tsirkiya shidda, wadda ba ta kuka sai an jona mata wuta. Kuma ba kuɗi yab biya ba. Ka san shanun huɗa biyu da sunka rage muna. Ran Laraba ya ja baƙin ya hita, munka ɗauka kasuwa za shi kai shi a samo hatsi, tun da geron bana ko rabin rumbu bai kai ba. Da la'asar sai ga shi da abin ga rataye ga kahwaɗa, wani Buzu na biye ɗauke da akwatin lasifika. Sunan Buzun Ibrahima, shina cikin waɗanda hwari yak koro daga arewa sunka yi bukkoki bayan gari. Raƙumanshi duk sun mace, jitar kaɗai ta rage mishi, can Libiya yas samo ta wurin aiki. Shi ya amshi sa, Baba ya amshi jita.

Inna na tankaɗe. Tac ce, "Malam, ina hatsin?" Yac ce, "Ga shi nan," ya aje abin bisa tabarma. Rariya ta suɓuce mata. Tun ran nan ba ta ƙara ce mishi uffan ba.

Abin haushi, maigidana shi yab ba su tsohon batirin motarshi, wai ba shi iya ce ma suruki a'a. Kullum da hantsi Ibrahima na zuwa, shi kama yatsun Baba ɗai ɗai shina ɗora su bisa tsirkiya. Da anka kunna ranar hwarko, akwatin ya yi wata ƙara, kaji sunka watse, maƙwabta sunka sheƙo sun ɗauka wani abu ya hwashe. Kan yatsunshi duk sun yi ruwa, amma ba shi ajewa sai azahar.

Mutumin da sahun hwarko ba shi wuce shi a masallaci, wanda ya zane ka don ka tahi kallon kalangu! Ni dai kaina ya ɗaure. Ka hwaɗa min abin da za ni yi.

Ƙanwarka,
Safiyatu

*

Isa,
17 ga Nuwamba, 1984

Zuwa ga Safiyatu,

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, na sami takardarki ta hannun mijinki Kalilu. Sau uku na karanta ta ina cewa wasa kike. Sai da na tsare Kalilu a tasha ya rantse mini, sannan na yarda.

Labarin ma ya riga takardar isowa. Jiya a ofis wani malami ya tambaye ni ko za mu ba da hayar tsohon a bikin ƙanensa, aka yi ta dariya. Ban san lokacin da na fita ba.

Wannan ba Baba ba ne. Ko dai Buzun nan ya yi masa wani abu, ko kuma asarar gonar bana ta taɓa masa kai. Kakanninmu noma muka tarar suna yi, babu makaɗi ko maroƙi a cikinsu. Kuma da sa ɗaya za a yi huɗa in Allah ya kawo damina? Mutane na tonon gidan tururuwa suna neman tsaba, shi kuwa ya ba da sa a kan katako da waya!

Ga abin da za a yi. Kalilu ya ɗauke batirinsa yau. Ki gaya wa Inna ta ɗauke abin ta adana. Da an ba da hutu za ni zo in mayar wa mai shi, ko da sai mun je gaban mai gari. Kada ki karanta wa Baba wannan takarda.

Ki gai da Inna, ki ba ta haƙuri.

Yayanki,
Maliki

*

Sabon Birni,
25 ga Nuwamba, 1984

Yaya,

Ina hwatan kana lahiya. Ka yi haƙuri da abin da za ka ji cikin takardar ga.

Na hwaɗa ma Inna saƙonka. Tac ce ita ba ta ɓoyon kayan kowa kamar ɓarauniya, gaba da gaba za su yi ta. Shekaranjiya da sahe, Baba na masallaci, ta ɗauko jitar daga ɗakinshi ta rataye ga jikin rumbu, tsakar gida, inda kowa ka gani. Niyyarta in ya miƙa hannu shi ɗauka, ta hwaɗa mishi duk abin da ke ranta. Ina nan zamne.

Ya dawo, ya shiga ɗaki, munka ji shina lalube. Can ya hito ya tsaya. Yaya, rana ta hito sarai, jitar na ƙyalli, tsakaninshi da ita bai kai taki ukku ba, kuma huskarshi na wajenta. Sai yac ce, "Safiya, ina kunka kai ta?"

Na ɗauka gatse na. Inna ta dube ni, na dube ta. Ya sake tambaya, muryarshi ta yi ƙasa: "Don Allah in kun maishe ta ga mai ita, ku hwaɗa min."

Inna ta tashi a hankali, ta tsaya gehenshi, ta ɗaga hannu tana kaɗawa kusa ga huskarshi. Ko ƙyahtawa bai yi ba. Tac ce, "Malam, tun yaushe?"

 Yac ce, "Idon dama, shekara biyu. Na hagu, kamar mai leƙe ta kahwar kara, shi ma kullum ƙara tsukewa shikai."

Inna ta zube nan ƙasa tana salati. Ni ko kukan ma ya ƙi zuwa.

Yanzu nike tuna abubuwa. Keken da yab bari yac ce gwiwa ta. Alƙur'aninshi da ya daina buɗewa, sai dai tilawa da ka. Layin shukar bana da ya karkace har munka yi mishi dariya. Shekara biyu muna gari ɗai, kullum ina leƙo su, ina aiki ɗakin shan magani ina duba idon mutane, ban ga na ubana ba. Ibrahima kaɗai yas sani, don shi ya taɓa tsamo shi daga ramin gini bayan gari.

Inna da kanta ta sabko da jitar ta aza mishi bisa cinya. Ban ce ma maigidana shi ɗauke batir ba, kuma ba ni cewa.

Safiyatu

*

Isa,
27 ga Nuwamba, 1984

Safiyatu,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na kasa shiga aji tun da na karanta. Da Sallah da na zo, na miƙa masa hannu ya kama iska, na ce tsufa ne.

Ki ƙona takardata ta farko. Na nemi izini, za ni zo ran Asabar mu kai shi asibitin ido. Ki shirya masa kaya.

Amma har yanzu abu ɗaya ban gane ba. Mai ciwon ido magani yake nema. Me ya kawo jita? Ki tambaye shi a hankali, ki ce ni na tambaya.

Maliki

*

Sabon Birni,
29 ga Nuwamba, 1984

Zuwa ga Malamin Makaranta,

Ni ka magana, ƙanwarka ka rubutu, na ce kada ta rage ko harahi. Ina gaishe ka, ina gai da matarka da jikokina.

An ce ka yi tambaya. Ka kyauta, ga amsa.

Asibiti za ni bi ka, don kada ka ce na ƙi. Amma kakanka haka nashi idon yat tahi, kuma na ga yadda anka ƙare. Manomi na wanda ba a kai shi ba a garin ga, ya koma zaman zaure, sai an tuna a miƙo mishi hura. Da yunwa ta zo, na gan shi da idona bakin kasuwa da ƙoƙo. Ina da shekara goma sha biyar. Ban taɓa hwaɗa ma kowa ba.

Noma na son ido. Saƙa na son ido. Na yi ta tunanin abin da hannu da kunne ka iya yi su kaɗai, har ran da na ji Ibrahima na kaɗa abin ga. Na ce shi ruhe ido shi kaɗa, ya ruhe, kiɗin bai canza ba. Gurmi da molo suna da gidajensu, ba ni shiga gadon wani in ƙwace mishi abinci. Wagga ko ba ta da gida a ƙasar ga, kuma muryarta na kai ƙarshen kasuwa.

San da na ba da kuwa, haƙarƙarinshi ana ƙirgawa, ba shi kai bazara. Ɗiyan Ibrahima sun ci tuwo da shi.

Na san an yi maka dariya saboda ni. Ka yi haƙuri. Ban iya ba tukuna, kamun yatsu ukku kaɗai na riƙe, in na canza daga na biyu zuwa na ukku sai na tsaya na laluba. Ƙaramar tsirkiyar ta tsinke, mun ɗaura wayar birkin kekena. Amma ina so ran da duhun ya gama ruhewa, a ishe akwai abin da nike ba mutane kahin su ba ni.

Allah shi yi maka albarka.

Mahaihinka,
Attahiru

*

Sabon Birni,
8 ga Afrilu, 1985

Yaya,

Gaisuwa da hwatan alheri. Maganin ɗigawan da likita yab ba ku ya ƙare, kuma kamar yadda yah hwaɗa maka, bai mai da komai ba. Baba dai na gane rana da inuwa.

Jiya ya hita kasuwa karon hwarko. Ibrahima ya koma arewa, don haka ni na riƙe mishi hannu, maigidana ya ɗauki akwatin. Ya zamna ƙarƙashin tsamiya ya kaɗa kiɗi biyun da ya iya. Ya yi kure sau da yawa. Wasu sun yi dariya, wasu dattawa sun kau da kai sun wuce, amma mutane sun taru, kuma sun daɗe tsaye. Da za mu tashi, wata mata da ban sani ba ta juye tiyar gero cikin gyalena, ta tahi abinta.

Bisa hanya ya matse min hannu yac ce, "Safiya, kin ga huskarta. Don kiɗin tab ba da, ko don idon?"

Na ce don kiɗin.

Ya ce in kai ma Inna ta daƙa, kuma ya ci tuwon har ya nemi ƙari. Yaya, ni ban san ko gaskiya na hwaɗa mishi ba.

Ka gai da mutanen gida.

Ƙanwarka,
Safiyatu