Shan Iskar Rakiya

Asabar da dare, a garin Bron

Wallahi Rakiya ta cuce ni. Da safe ta ce, "Ƙawata, zo mu ɗan sha iska, ganyaye sun yi ja, karatu ba gudu zai yi ba." Na ɗauka zagayen lambu ne, har takalmin biki na saka. Ashe hawan tsauni ne, awa shida! Jibi muna da jarrabawar digiri na biyu, ko shafi ban buɗe ba.

Duk hanya tana gaba da abin sauraro a kunne, na zata kiɗa ne. A jirgin ƙasan da muka hau na dawowa na fizgi ɗaya na saka a kunnena. Muryar malaminmu ce, darasi na bakwai!

Ita karatunta ta yi. Ni kaɗai na sha iskar.