Ƙyallen Gidan Uban Maryama

Asabar, 2 Oktoba 1965

Mukhtaru ya iso daga Kartum da matar da ya auro. Baturiya, 'yar ƙasar Ayalan, nas ce a asibitin da ya kwanta. Wai ta musulunta, sunanta Maryama. Duk 'yan matan unguwarmu ta Jarwal, a nan ƙasa mai tsarki, ba su ishi autana ba.

Alhamis, 7 Oktoba

Ta rataye wani ƙyalle a bangon ɗakinsu. Kore ne da fari, an yi masa surfani, bishiya a sama, jan hannu a gefe. A tsakiya kuwa aladen daji, da haurensa. Alade a gidana, da ake jin kiran sallar Harami daga tsakar gida.

Na tambaye ta. Ta amsa da Larabcin Sudan ɗinta mai kamar tauna tsakuwa. Wai tambarin zuriyarsu ne. Kore kyakkyawan fata ne, fari zaman lafiya, ja jinin waɗanda suka mutu a yaƙi, bishiyar ƙarfin tushe. Aladen kuma wai jarumta, ba ya gudu sai dai a kashe shi. Na ce mutanen da suka rasa abin kirari sai alade, me za su haifa?

Juma'a, 15 Oktoba

Hure maƙwabciyata ta leƙa ta gani. Kafin la'asar mata uku sun janye 'ya'yansu daga karatun allo a wurina. Mukhtaru ya ce in yi haƙuri, za ta sauke. Ba ta sauke ba.

Litinin, 18 Oktoba

Sun tafi ɗawafi. Na ɗauki almakashi na yanke aladen, na jefa a murhu. Ban yi nadama ba.

Talata, 19 Oktoba

Ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi, da na samu abin faɗa. Ta zo ta durƙusa, ƙyallen a hannu, ta ce, "Inna, ranar da na musulunta ubana ya ce ba shi ba ni. Uwata ce ta ɗinka wannan, ta aiko mini a ɓoye. Ta rasu bara."

Sai ta dubi zanen kumatuna ta tambayi ma'anarsa. Rashin kunya. Na ce na Gobirawa ne, ko a ina na faɗi za a san gidan da za a kai gawata. Ta ce to, su a ƙyalle suke yin nasu.

Lahadi, 24 Oktoba

Mukhtaru na gaishe ni daga bakin ƙofa, ba ya zama. Ita ce ke kawo mini shayi. Ba ta iya ba.

Litinin, 1 Nuwamba

Tana da ciki. Ba ta faɗa ba, ni dai ina da ido. A garin nan ba mai yi wa jariri zane, zai tashi da fuska sumul kamar ɗan kowa.

Na karɓi ƙyallen, don ramin yana ɓata mini bango. Alade dai ba zan ɗinka ba ko za a yanka ni. Da koren zare na cike wurin. Hannun uwarta ya fi nawa kyau, sau uku ina warwarewa. Wannan ba zan gaya wa kowa ba.