Mujiyar da ke silin ɗakinki, Inna

Assalamu alaikum Inna, tare da gaisuwar ɗiya ga mahaifiyarta. Ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Mu nan gida Mafara lafiya lau, sai rashinki.

Yau wata uku da kwana shida da rasuwarki. Na karɓo takardar kammala karatuna na kimiyyar dabbobi, ina jiran kiran bautar ƙasa. Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Mujiya ta yi gida a silin ɗakinki.

Gwaggo Asabe ce ta fara jin wani huci daga silin, ta fito ba takalmi. Kafin la'asar labari ya kai har dangi na Bakura, wai tsuntsuwar nan ita ta kira mutuwarki, kuma ba ta gama da gidan ba. Baffa Isiya, wanda gidan ke hannunsa tun bayan Baba, ya dawo daga mahauta ya yanke hukunci: za a cusa tsumma mai kalanzir da barkono cikin silin a kunna, daga nan a ɗaye kwanon, a bar ɗakinki kango.

Kin san ni da tsoro. Ni ce mai komawa sau biyu in duba ko na rufe ƙofa. Duk da haka washegari da hantsi na aro tsani, na ɗaure zanena, na rufe hancina da gyale, na hau. Da na kai, na leƙa cikin silin.

Ga abin da na gani, ba ƙari. Ta shiga ne ta kusurwar gabas, inda iskar damina ta ɗaga kwano. 'Ya'yanta huɗu, duk da farin gashi, ba su wuce mako uku ba. Su ne masu hucin, yunwa ce ke sa su. Gefensu akwai dunƙulen abin da take amayarwa. Na sauko da guda goma, na fasa su a tsakar gida gaban kowa. Ƙasusuwan ɓeraye ne, ɓerayen nan da kike kuka da su a kan buhunan shinkafarki.

Sai na yi wa Baffa lissafi. Ƙwan mujiya kamar wata guda yake yi kafin ya ƙyanƙyashe. A haɗa da mako uku, bai kai wata biyu ba. Ke kuwa wata uku. Ba ita ta kira mutuwarki ba, Inna, shirun da kika bari ne ya ba ta wuri. Katin asibitinki yana hannuna. Hawan jini ne sanadi, kwana kuma ya ƙare.

Baffa ya ce boko ya cire mini kunya. Na durƙusa yadda kika koya mini, na ce masa katakon silin ya bushe, kuma ɗakin Gwaggo bango ɗaya ne da naki. Na ce ba za a sa wuta a ɗakin da kika haife ni ba. Ban janye ba.

Da ya ce ai ba mai iya kwana a ciki, sai na naɗe katifata na shigar. Kwanana tara ke nan, kuma ba a kunna wutar ba. Kullum da safe Gwaggo takan leƙo ta ga ko ina motsi, ni kuma in gaishe ta da ƙarfi.

Kin sha ce mini, “Ke dai Hafsatu, komi sai kin ƙidaya.” To, ina ƙidayawa. Nan da mako shida za su tashi. Ran nan zan share silin, in sa a toshe kusurwar da ragar ƙarfe, a buga kwanon. Ko kiran bautar ƙasa ya zo, sai na ga an yi haka.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Hucin nan yana kama da numfashinki idan barci ya kwashe ki bayan sallar azahar. Ina kwance a inda gadonki yake, ina saurare, ba na jin tsoro.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya sanyaya zuciyar Baffa. Ɗakinki yana nan da rufinsa.

Ɗiyarki,
Hafsatu