'Yata Tana Maraɗi, Kuɗinta Suna Shiga a Bronx

Assalamu alaikum Anti, ina gaishe ki da duk masu karanta wannan shafi. Don Allah ki ɓoye sunana. Ku kuma 'yan uwa, ku ji ƙarshen maganar kafin ku zage ni, don ni ma ban ƙyale kaina ba.

A unguwar Bronx ta Amurka nake zaune, ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu, maigidana kuma yana jan tasi a filin jirgin sama na JFK. 'Yarmu ɗaya, zan kira ta Ummi, shekararta bakwai. Likitoci sun ce otizim gare ta, wata lalura ce ta ƙwaƙwalwa. Ba ta taɓa magana ba, kuma in jirgin ƙasa ya wuce sai ta toshe kunne ta yi ta buga kai a bango. Gwamnati tana ba ta kuɗin masu lalura duk wata, ni ce mai karɓa mata, kuma na sa hannu cewa zan sanar da su duk abin da ya canza.

Bara mahaifiyata ta tasa ni gaba a waya: "Ki kawo mini ita a yi mata addu'a, kun kulle yarinya a bene kamar kaza a akurki!" Na kai ta Maraɗi da niyyar sati uku, aiki ya kira ni, na dawo na bar ta. Sati uku ya zama wata goma. Na san ƙa'ida sarai, in yaro ya yi wata guda a wajen ƙasar, kuɗin ba su halatta. Amma duk sanda suka shigo sai in ce wata mai zuwa zan faɗa. Wallahi ko ɗankwali ban saya da su ba, Inna nake aika wa don abinci da maganin Ummi. To amma wa zai saurari wannan? Ba ni na sa hannu ba? Kunyar kaina nake ji.

Yanzu ga wasiƙa ta zo daga masu ba da kuɗin, suna so in je ofis da takardun makarantarta da na likita. Maigidana ya ce, "Ki yi mata booking ɗin jirgi kawai ta dawo, mu ja bakinmu." Na ce, "In suka duba fasfo fa?" Ya ce, "To je ki faɗa musu! Su ce mu mayar da kuɗin duka, takardunki na zama kuma su shiga trouble."

Har na fara neman tikiti. Ina cikin bas sai Inna ta kira ni ta bidiyo, ta ce, "Yi shiru ki ji." Ga Ummi zaune a tsakar gida kusa da akuya, ta miƙa kofi ta ce, "Inna, ruwa." Shekara bakwai ina jiran muryar nan! Na fashe da kuka a gaban mutane. Inna ta ce, "Ke kika haife ta, ba zan hana ki ba. Amma ina tsoron in kika mayar da ita wancan ɗakin, bakin nan ya sake rufewa."

Saura kwana tara in je ofishin. In na dawo da ita, don in rufa wa kaina asiri ne, ba don ita ba. In na faɗi gaskiya kuma, ban san abin da za su yi mini ba, wataƙila ma in kasa fita daga ƙasar in je in ji ta kira ni Mama.

Don Allah, me zan yi?